Iyakar Ƙafa Ɗari Tara

Hafida tana ɗaura igiyar takalminta wayar ta shigo. Yayanta Allal ne, shi kuwa Allal ba mutumin da ke kiran mutane da sassafe don gaisuwa ba ne.

"Hafida, Inna ta cika. Bayan sallar asuba."

Ta sulale ta zauna a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Salatin ma da ƙyar ya fito.

"Yaushe za a kai ta?"

"Bayan Juma'a. Liman ya ce a haɗa da jam'i, tunda mutanen ƙauyuka duk za su shigo gari."

"Yaya, kada kowa ya taɓa ta. Ka ji ni? Kada wadda ta zuba mata ruwa sai na iso."

"Na sani, ai a gabana ta faɗa. Ki dai yi sauri, don ba ni da ikon tsayar da masallaci."

Innar tasu, Lalla Yamna, ita ce ke yi wa matan garinsu Timazgan wankan gawa tun Hafida ba ta san kanta ba. Duk gidan da aka yi rashi ita ake aikawa ta zo, ta naɗe hannun riga, ta kori masu leƙe, ta rufe ƙofa. Abin da ta gani a jikin mace bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Da ciwo ya kwantar da ita ya ci jikinta, sai ta hana kowa ganin abin da ke ƙarƙashin mayafinta, har matar Allal da ke dafa mata abinci. Hafida kaɗai ke sauya mata tufafi idan ta zo hutu. A zuwanta na ƙarshe tsohuwar ta kama wuyan hannunta ta ce, "Na rufa wa rabin matan garin nan asiri. Ke za ki rufa mini nawa. In kika bari wata ta gan ni a haka, kin ci amanata." Ta sa ta maimaita yadda ake yi, daga alwala zuwa ɓangaren dama zuwa kitso uku, har sai da ta tabbatar ta iya.

Daga Kazablanka, inda take aiki, zuwa Timazgan a mota wuni guda ne cur, ta hanyar duwatsu mai lanƙwasa. A jirgi kuwa kafin shayi ya huce an kusa. Jirgi ɗaya ne ke zuwa can ranar Juma'a, kuma Allah cikin ikonsa sunan da ke kan jadawalin tuƙa shi yau nata ne: Kyaftin Hafida Azarkan.

Dokar kamfani a fili take. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya tuƙi, sai ya faɗa a sauke shi. To amma filin Timazgan a cikin kwari yake, tsakanin duwatsu, ba kowane kyaftin ke da takardar sauka can ba. Su uku ne har da ita. Ɗaya yana Umra, ɗaya jiya da dare ya dawo daga aiki, doka ta hana a tashe shi. In ta buɗe baki za a yi mata ta'aziyya mai kyau, a ba ta hutun mako, a soke jirgin. Don haka ta wanke fuska, ta ɗaura ɗan kwalinta ƙarƙashin hular aiki, ta kama bakinta.

A ɗakin shirin tafiya ta tarar da mataimakinta Mimun ya baje takardun yanayi da sanarwoyi a kan tebur, yana tsoma burodi a man zaitun yana ɗiga musu. Tsohon sojan sama ne, ya girme ta nesa ba kusa ba, bakinsa ne ya hana shi zama kyaftin.

"Kyaftin, garinku yau ya ja bargo. Gajimare ya sauko har ƙafa ɗari shida. Ga kuma ƙanwata, sanarwar nan, tana nan daram." Ya tura mata takardar da ɗan yatsa mai maiƙo.

Ta san sanarwar kamar sunanta. Taswirar sauka ta Timazgan ta ce matuƙi na iya bin na'ura cikin gajimare har ƙafa ɗari huɗu a saman fili. In ya hangi titin jirgi ya sauka, in bai hanga ba ya tashi sama. Sanarwar wucin gadi kuma ta ce a manta da wannan lambar: akwai ƙugiyar ɗaga kayan gini a wurin otal ɗin da ake ginawa kan tudu, daidai ƙarƙashin hanyar saukowa, saboda haka iyaka ta koma ƙafa ɗari tara.

"Wucin gadi!" in ji Mimun. "Wallahi sanarwar nan ta girmi autana, shi kuwa har ya fara zagin mutane. Duk lokacin da wa'adinta ya zo ƙarewa sai wani malami ya ƙara mata wata uku ya koma shan shayinsa."

Hafida ba ta yi dariya ba. Lissafin ba ya buƙatar alƙalami. Da tsohuwar lamba za su fito ƙarƙashin gajimaren su ga titi sarai. Da sabuwar za su tsaya a cikinsa kamar wanda aka rufe wa kai da buhu.

Ta fita baranda ta sake kiran Allal.

"Yaya, ƙugiyar otal ɗin nan ta kan tudu, tana nan a tsaye?"

"Wace ƙugiya kuma? Uwarki na kwance kina tambayata ƙarfe?"

"Don Allah ka tuna. Saukata a kanta ta rataya."

"An kwantar da ita, ina jin. Tun kafin azumi ba na ganin ana aiki a wurin."

"Ka gani da idonka ko ji kake?"

"Ke Hafida, ni ba mai gadin otal ba ne. Ina jin dai an kwantar. Ga mutane sun fara shigowa, sai kin zo."

Ta sa aka ƙara mai gwargwadon abin da nauyi zai ɗauka. Mimun ya ɗaga gira. Fasinja sittin da 'yan kai suka hau: tsofaffi masu dawowa daga asibitin birni, 'yan ci-rani da jakunkunansu masu kumburi, wata amarya da har yanzu lallenta bai goge ba. Hafida ta yi musu barka da zuwa ta lasifika da muryar da ta saba, har ita kanta ta yi mamakin yadda muryar ba ta yi rawa ba.

A sama rana ce tas. Ƙarƙashinsu kuwa fari fat, sai kawunan duwatsu da suka ɓullo nan da can. Da suka kusa, aka miƙa su ga hasumiyar kula da jirage ta Timazgan, muryar Si Haddu ta shigo kunnuwansu. Shi ne dattijon hasumiyar, abokin marigayi babanta, gidansa bai fi jifa da dutse ba daga nasu.

Ya fara da Turancin aiki, a bushe, kamar yadda doka ta ce. Ya faɗi iska, ya faɗi gajimare, ya tambaya ko suna da sanarwar ƙugiya. Mimun ya ce suna da ita. Si Haddu ya ce, "An ba ku izinin bin hanyar sauka ta na'ura, titi na ɗaya da bakwai. Ku sanar da ni in kun hangi titi."

Hafida ta maimaita izinin da bakinta, kalma bayan kalma. Kuskurenta ke nan, da ta sani da Mimun ta bar wa rediyon. Mutumin Timazgan ba ya jin muryar wanda aka yi wa mutuwa ya wuce bai ce komai ba, ko da a tsakiyar kasuwa ne, ko da sama za ta faɗo. Si Haddu ya saki Turanci ya koma harshen gida.

"'Yar Yamna, ashe ke ce? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Da hannunta ta wanke uwata da matata."

Duk abin da aka faɗa a wannan layi ana naɗarsa, kuma duk jirgin da ke sararin yankin yana ji. Hafida ta danna maɓalli ta ce, "Amin, Baba Haddu. Na gode." Ta saki.

Mimun ya juyo gaba ɗaya yana kallonta.

"Yaushe?"

"Yau da asuba."

"Innalillahi. Kyaftin, kuma kika bar ni ina ta zuba kamar famfo?"

"Karanta mini jerin sauka, Si Mimun."

Ya karanta. Suka nutsa cikin gajimaren, hasken ya mutu, ruwa ya fara tsartuwa a gilashi. Ba sama ba ƙasa, sai allurai da lambobi. Mimun yana kiran tsayi, muryarsa ta yi laushi. Da lambar ta kai ɗari tara na'urar jirgin ta sanar an kai iyaka da muryar nan tata da ba ruwanta da kowa. Hafida ta ɗaga ido. Toka-toka ne kawai.

"Titi?"

"Babu."

"Mun tashi."

Ta tura maƙura gaba, injuna suka yi ruri, jirgin ya ɗaga hanci. Suka fito cikin rana, Si Haddu ya tura su wurin jira, suka shiga zagaye a saman kwarin.

"Kyaftin, bari in yi magana a matsayin babban wa, ba mataimaki ba," in ji Mimun. "Dattijon nan ya ba mu izini. Kin ji da kunnenki, bai ce ku tsaya a ɗari tara ba. Cewa ya yi an ba ku izinin hanyar sauka. Hanyar sauka kuwa ga ta a taswira, ɗari huɗu."

"Izinin da ya ba mu na mu gwada ne. Ma'anarsa babu wani jirgi a gabanmu. Bai goge sanarwa ba, ba shi da ikon gogewa. Kai ka koya wa yara wannan a soja."

"Na koya musu, kuma na ga sanarwoyin da suka shekara a kan ramin da aka cike tuntuni. Ƙafa ɗari uku ce tsakaninki da uwarki. Ki sauka, ni idona yana kan takarda, ban ga komai ba."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta, don abin da zuciyarta ke faɗa mata ke nan tun Kazablanka. Ta danna rediyo.

"Hasumiya, ko za ka iya tabbatar mini da halin da ƙugiyar take ciki?"

Si Haddu ya ce, "Daga nan ba na ganin ko katangar fili, balle tudu. Sanarwar tana aiki."

"Akwai wanda zai iya zuwa ya duba?"

"Ko an duba, 'yata, ba ni ke sokewa ba. Sai mai binciken shinge ya zo daga birni ya auna ya sa hannu, sannan ofis ya fitar da sokewa. Yau kuwa Juma'a." Ya numfasa a cikin rediyon. "Na daɗe ban bi ta tudun ba. Mutane na cewa an kwantar. Wani kuma ya ce mini sabon mai otal ya kawo ma'aikata makon nan. Ba zan ce miki abin da ban gani ba."

Ta dubi ma'aunin mai. Gwaji ɗaya ya rage, daga nan dole su nufi filin jirgin birnin Fas. Ta dubi agogo kuma, ta san a yanzu an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, mata sun cika tsakar gida, ana ta satar kallon ƙofar ɗakin da aka rufe.

"Hasumiya, muna neman gwaji na biyu."

"An ba ku izini."

Suka sake nutsawa. Wannan karon Mimun bai ƙara ko kalma a kan lambobin ba. Hafida tana ta roƙon Allah a zuci, ba addu'ar da aka koya mata ba, roƙo irin na yaro: ka buɗe mini, ka buɗe mini kaɗan kawai.

Ɗari tara. Na'ura ta yi maganarta.

Sai gajimaren ya yage ta gefen hagu, ƙasa da fiffike. Ta ga itatuwan zaitun a jere, ta ga jar hanyar da ke hawa zuwa unguwarsu, har da wata farar mota tana tafiya a hankali.

"Ga ƙasa!" in ji Mimun. "Kyaftin, ga ƙasa nan!"

"Titi fa?"

Ya duba gaba. Gaban nan a toshe yake, kuma a cikin toshewar ne tudun yake.

Hannunta na kan maƙura. Abin da ake bukata kaɗan ne, ta sassauta, ta bar jirgin ya zame na ɗan lokaci. Ta san kwarin nan tun tana tallar ɓaure a bakin hanyarsa. Kusan ta tabbata ƙugiyar ba ta nan. Kusan. A bayanta kuma akwai mutum sittin da ba su san abin da ke ranta ba, ba wanda ya tambaye su ko sun yarda a gwada da su.

"Titi, Si Mimun?"

"Babu," ya faɗa da ƙyar.

"Mun tashi."

Gajimaren ya sake rufewa. Da suka fito cikin rana, Mimun ne ya nemi hanyar Fas da kansa. Si Haddu ya ba su.

A Fas, tun kafin a jingina matakala ta kunna waya. Fasinjoji na ta mita a baya, wani mai babbar murya yana cewa da namiji ne ke tuƙi da tuni suna gida. Ta shige lungun ƙofar gaba ta juya musu baya.

"Yaya, ina Fas. An ce gajimaren zai ɗage da rana. Ku jira ni zuwa la'asar, don girman Allah."

"Mun ji ƙarar jirginki sau biyu a kanmu. Mata har sun miƙe suna cewa ga ta nan."

"Ban ga titi ba, Yaya."

"Ke da kika tashi a garin nan sai an nuna miki titi?" Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Hafida, mutane sun taho daga ƙauye bakwai a ƙafa cikin ruwan nan. Liman ya ce ba a ajiye gawa don mai rai. Kawu ya ce in na sake cewa a jira zai tsine mini a gaban jama'a. Na riƙe ƙofar nan iya ƙarfina."

"To a yi sallar, amma wankan..."

"Wace salla ake yi kafin wanka? Kin fi ni sani. Masu wankan sun shiga tun da ƙarar jirginki ta ɓace karo na biyu. Gwaggo Fadma da matata, da wata mata daga asibiti."

Ta jingina goshinta da bangon jirgin. Ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙi zuwa. Mimun ya kawo mata shayi a kofin takarda, ta riƙe har ya huce.

Gajimaren ya ɗage bayan azahar, kamar yadda masu yanayi suka faɗa. Ba wanda ya kira daga ofis tukuna. Za su kira, ta sani, kuma ko a jikinta. Suka tashi da fasinjojinsu, suka shigo kwarin Timazgan cikin hasken da ya wanke komai, ana ganin titi tun daga bakin duwatsu. Ko ɗan koyo zai iya wannan saukar.

Da suka zo saitin tudun ba ta yi niyyar dubawa ba, idon ne ya tafi da kansa. Ga gangar jikin otal ɗin, bulo tsirara. Ga ƙugiyar a gefensa, kwance a ƙasa gunduwa-gunduwa, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙarafunanta, awaki na kiwo a kai.

Mimun ma ya gani. "Ba yadda za a yi ki sani, Kyaftin."

"Ɗaga murya ka kira tsayi," ta ce.

Motar haya ta sauke ta a bakin lungu da kayan aikinta a jiki. Maza sun dawo daga maƙabarta, suna zaune a ƙarƙashin rumfa, jar laka a takalmansu. Aka yi ta yi mata gaisuwa ta ko'ina. Allal ya taso, idanunsa jawur, ya buɗe baki, ta wuce shi ta shiga ciki.

Tsakar gida cike da mata da ƙamshin kuskus. Surutu ya ɗauke da suka gan ta. Gwaggo Fadma, ƙanwar babanta, ta taso tana jan ƙafa ta rungume ta.

"Sannu, 'yar nan. Mun yi mata yadda ya kamata, kada ki damu. Komai an yi." Ta matso da bakinta kusa da kunnen Hafida, amma Gwaggo Fadma ba ta taɓa iya raɗa ba. "Ashe haka jikin baiwar Allahn nan ya zama? Ba ku faɗa wa kowa ba! Ni da na ɗaga mayafin sai da na fita na sha iska. Matar asibitin ma cewa ta yi ba ta taɓa ganin irinsa ba."

Matan da ke kusa suka sunkuyar da kai, irin sunkuyarwar waɗanda suka riga suka ji labari.

Hafida ta zare jikinta a hankali ta nufi ɗakin uwarta. An fitar da gadon, an buɗe taga. Simintin ƙasa bai bushe ba, ruwa ya kwanta a lungun da ɗakin ya karkata, da 'yar kumfar sabulu a bakinsa. Ta tura ƙofar ta rufe, ta sa sakata. Ta cire hular aiki ta ajiye a kan taga, ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu. Ta sami tsumma a bayan ƙofa, ta durƙusa ta fara tsane ruwan.

Ana ta ƙwanƙwasawa ana kiran sunanta, ba ta buɗe ba.